Ƙugiyar da Ke Kafaɗar Gidanmu

Zuwa ga ɗana, Mai Sunan Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka da gajiyar hanya, da fatan motar da ta ɗauke ka daga tashar Wurno ta sauke ka Kaduna lafiya. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya raba ka da mugun ji da mugun gani, Ya sa kawunka ya ji daɗin zama da kai. Labarin gida babu wanda ba ka sani ba, jiya-jiya ka bar shi, don haka ba zan ɓata takarda a kansa ba. Ƙanwarka na sa ta cusa maka wannan wasiƙa a ƙasan jaka, tare da wata babbar ambulan. Kada ka naɗe ambulan ɗin, hoton ƙashin kafaɗata ne a ciki. Ka karanta wannan tukuna kafin ka buɗe ta.

Ka san ni da kai ba mu iya zama mu yi doguwar magana ba. Da na fara sai ka sunkuyar da kai kana "to Baba, to Baba", ni kuma nauyi ya kama ni in koma zancen taki. Rubutu kuwa shi ne aikin da hannun nan nawa bai ƙi ba har yanzu, tunda a kan cinya ake yin sa.

Ran Larabar da ta wuce ina zaune a gindin darbejiyar ƙofar gida, ka zo za ka sauko da ƙwaryar iri daga kan rumfa. Ka miƙa hannun dama, da ya kai daidai kunnenka sai ka tsaya, ka ciji leɓe, ka sauke shi ka sa na hagu. Sannan ka waiga ka ga ko wani ya gani. Na ce maka, "Mi as samu hannun?" Ka ce, "Ba komi Baba, kwanciya niy yi bisa shi." Na ƙyale ka, amma ka sani wannan ƙaryar tawa ce, ni na fara yin ta a gidan nan, shekara da shekaru ina yi wa innarka ita. Ga shi aikin da za ka koya wurin kawunka aikin silin ne, wanda ake wuni kai a ɗage, hannu a sama. Abin da ya zaunar da ni rubutu ke nan. Ina tsoron ka kai shekara arba'in hannun damanka ba ya iya ɗora maka hula.

Kakanka ba ka riske shi ba, sunansa kawai ka tarar. Kafin a yi dam ɗin Goronyo da jigo yake ban-ruwa a bakin gulbi. Ku yanzu ba ku san jigo ba sai a baki: doguwar sanda ce da curin laka a gindinta, guga a ɗaya kan. Ka miƙa hannu sama ka jawo igiya, guga ta nutse, ka sassauta ta taso, ka juye, ka sake miƙa hannu. Haka tun safe har rana ta yi zafi, rani bayan rani. Da ya tsufa hannunsa na dama ba ya wuce ƙirji, ko kabbarar sallah nan yake tsayar da shi. Mutane suka ce sanyin gulbi ne ya shige shi, mu ma muka ce haka. Ni nake sa masa riga ran Juma'a, ina saurayi, ina ƙunƙuni a zuci don abokaina na jirana. Ko sau ɗaya ban tambaye shi yadda abin ya fara ba. Da na tambaya, da ya gaya mini abin da nake gaya maka yau, da kuma na gane shi ranar da ya zo mini. In ka ga tsoho na gidanku yana fama da wani ciwo, ka zauna ka tambaye shi farkonsa, don jikin naka daga nasa aka ciro shi.

Da dam ya zo aka ja ruwa cikin magudanai, aka ba mu fili, injin ban-ruwa ya shigo, sai na ce ni kam na tsira. Jigo ne ya cinye kafaɗar Baba, ni kuwa igiya kawai zan fizga ruwa ya zo. Ban lissafa cewa injin da na samu tsoho ne ba, sai an fizge shi sau ashirin kafin ya yi tari ya tashi. Ban kuma lissafa cewa a kafaɗa nake kai shi gona in dawo da shi ba, don ba a barin inji a fadama. Amma duk wannan ba shi ne babban laifina ba.

Babban laifina wurin lodin albasa yake. Ka san yadda ake yi ranar da mota ta zo bakin gona: buhu ɗaya mutum huɗu ke kama shi, biyu a sama su karɓa. Ni kuwa sai in ce su matsa. In kama da mutum ɗaya, mu ɗaga shi zuwa ƙirji, daga nan in shiga ƙarƙashinsa ni kaɗai in cira shi sama da kaina in tura. 'Yan lodi su ɗauki shewa, "Na bakin Rima, kahwaɗa ta hi jaki!" Ni kuma kaina ya yi girma. Ba ɗan dako ba ne ni, gonar tawa ce, babu wanda ya sa ni. Kirarin kawai nake so. Waɗanda suka yi mini shewar yawancinsu suna nan garin, muna haɗuwa a masallaci, kuma babu wanda ya taɓa zuwa ya sa mini riga. Inda za ka ma akwai irinsu, kowane wurin aiki akwai su. In aka ce wa zai ɗaga allon silin nan shi kaɗai, ka bar mai son suna ya ɗaga, kai ka nemi na biyu ku kama.

Ciwon bai zo da ƙarfi ba. Da fari wani ɗan tsini ne nake ji a gefen kafaɗa in hannu ya kai tsakanin kafaɗa da kunne, in ya wuce nan sai ya saki. Sai ya koma ba na iya kwanciya ta wannan gefen. Innarka ta lura, na yi mata ƙaryar da ka yi mini. Na shiga sayen ƙwayoyin nan na kashe ciwo da ake ƙullawa a leda a bakin kasuwa, in haɗiye biyu da kunu in tafi gona, in ji ni garau. Rani uku na yi a haka. Ƙwayar ba ta gyara komai ba, bakin mai ba ni labari kawai ta toshe, ni kuma na ci gaba da aikin da ke yi mini ɓarna. Na ga irin ledar nan a aljihun rigarka da ƙanwarka za ta yi wanki. Ban ce kada ka sha magani ba, amma duk maganin da zai sa ka koma ɗaga abin da jiya ka kasa ɗagawa, ba taimakonka yake yi ba.

Ranar da abin ya tsinke, ranar kasuwar Goronyo ce, buhu na kusan ƙarshe. Na cira shi sama, sai na ji ɗas a cikin kafaɗa kamar an tsinka igiya. Buhun ya zame ta bayana, albasa ta watse, hannu ya sauko ya tsaya a jikina. Aka ce in ɗaga, na kasa raba shi da haƙarƙarina.

Washegari na tafi Rabah wurin maɗorin nan da ya ɗora maka ƙafa lokacin da ka faɗo daga bisa jaki. Mutumin kirki ne, kuma gaskiya ya gaya mini. Ya lalluba, ya latsa, ya juya, ya ce, "Malam, ni ƙashi nis sani, kuma ƙashinka lahiya lau shike. Wanga abu cikin nama shike, ba aikina na ba." Na ce ban zo daga Wurno don in koma haka ba, ya dai yi mini wani abu. Na matsa masa har ya ɗaure mini hannun a jiki, ya ce in kwance bayan mako guda. Ni da iyawata na bar shi kwana arba'in, wai don ya fi kamawa. Da aka kwance kafaɗar ta sandare, ko abin da take yi da ma ta daina. In mai sana'a ya ce maka wannan ba aikinsa ba ne, ka gode masa ka tambaye shi aikin wane ne. Irinsu ba su da yawa.

Daga nan sai na shiga neman wanda ya yi mini. Ka san Malam Garba da gonarsa ke maƙwabtaka da tamu a bakin magudana. A ranin da abin ya faru mun yi cacar baki da shi, don ya buɗe ruwa ranar da take tawa. Sai na haɗa wannan da wancan na ce sammu ne, shi ya ɗaure mini hannu. Rani biyu ban amsa sallamarsa ba. Wata rana ina ta faɗar haka a tsakar gida, innarka na tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Malam, shi Baba da wa yay yi hwaɗan ruwa?" Na yi mata tsawa, amma maganar ta zauna mini. Kuma Malam Garban nan da kansa, da ya gan ni ina kokawa da igiyar inji da hannun hagu, shi ya ajiye fartanyarsa ya ce in hau babur ɗinsa. Na hau don ban sami bakin ƙi ba. Har yau in na tuna abin da na ɗora wa bawan Allah nan kunya nake ji.

Asibitin garinmu ya kai ni, wurin Sista Rifkatu, 'yar Zuru ɗin nan da ta yi muku rigakafi kuna yara. Ba ta yi dogon bincike ba. Ta kama hannuna ta ɗaga shi gefe har ya yi daidai da kafaɗa, ta ce in riƙe shi a nan, ta saki. Hannun ya faɗo kamar ba nawa ba. Ta ce, "Baba, wannan ba sanyi ba ne, jijiya ce. Ku je Sakkwato a ɗauki hoto, likitan ƙashi ya gani. Cikin satin nan, ba wata mai zuwa ba." Ta rubuta mini takarda. Na ce to, bari a gama dashe. Aka gama dashe na ce bari a cire albasa. Aka cire, damina ta faɗi, ga geron gonar su innarka da ke garin Maikujera yana jira. Kullum akwai aikin da ya fi kafaɗata gaggawa. Takardar Sista ta fi shekara biyu a cikin aljihun babbar rigata.

Da na je daga ƙarshe, likitan ya sa aka ɗauki hoton da ke cikin ambulan ɗin nan, ya ɗaga shi a hasken taga ya nuna mini da bakin biro. Yanzu ka buɗe ka duba, na yi maka alama da jan biro a gefen wurin. Ya ce a saman gaɓar kafaɗa akwai wani ƙashi da ya fito daga allon kafaɗa ya yi mata rumfa. A ƙarƙashin rumfar nan jijiyoyin da ke riƙe kan ƙashin hannu suke bi, su ke taimakawa a ɗaga hannu a juya shi. Wurin matsattse ne. Wasu mutane rumfarsu a miƙe take, jijiya na wucewa a sake. Wasu ta ɗan ranƙwafa. Wasu kuma bakinta ya lanƙwaso ƙasa kamar ƙugiya, kuma tawa irin wannan ce, ga ta kuma ta zarce gefe fiye da ta yawancin mutane. Duk lokacin da na ɗaga hannu sama da kafaɗa, wurin na ƙara matsewa, jijiyar na gogar ƙashin. Na ce masa, "Awa igiyar guga da bakin rijiya ke nan?" Ya yi dariya ya ce in na fahimce shi a haka ma ya isa: zare ɗaya yau, zare ɗaya gobe, ranar da ta tsinke sai a ce buhun ranar ne.

Na tambaye shi ko abin na bin gida. Bai rantse mini ba. Ya ce ba duk mai ƙugiya ne jijiyarsa ke yagewa ba, akwai kuma masu miƙaƙƙen ƙashi da tasu ta yage saboda shekaru ko faɗuwa. Ya ce su kansu likitoci ba su gama daidaita baki ba kan ko da ita ake haihuwar mutum ko aiki da shekaru ke ƙara mata tsini. Amma ya ce sun fi ganin yagewar a wurin masu irin ƙashina, kuma in uba da kaka sun yi, ɗa ya kula. Sannan ya tura ni wani hoton na cikin na'ura mai nuna nama. Da sakamakon ya fito ya daɗe yana kallo, ya ce, "Baba, yaushe abin ya faru?" Na gaya masa. Ya ce jijiyar ta janye ta koma ciki, naman da ke jan ta ya shanye don ya daɗe bai yi aiki ba, ko an jawo an ɗinke da wuya ta riƙe. Ya ce da a watannin farko na zo, da akwai magana. Ya haɗa ni da masu koyar da motsa gaɓa, suka koya mini motsin nan da kake gani ina yi da sanda da safe kuna yi mini dariya. Shi ya dawo mini da cin tuwo da alwala. Abin da ya wuce kafaɗa kuwa ya tafi.

Yanzu ga wanda ya fi yi mini nauyin faɗa. Na dawo daga Sakkwato da wannan bayani duka a kaina, na tura hoton ƙarƙashin katifa, ban gaya wa kowa ba. Na ce wa mutanen gida likita ya ce sanyi ne. Kuma a makon da na dawo na miƙa maka igiyar inji. Kai ka ci gaba da kai shi gona a kafaɗa, kai ka shiga ƙarƙashin buhu, ina tsaye ina jin 'yan lodi na yi maka kirarin da suka yi mini, har ina jin daɗi. Na san abin da likita ya ce game da ɗa, na kuma yi shiru don gonar na bukatar kafaɗa, tawa kuma ta ƙare. Wannan ba rashin sani ba ne, son kai ne. Ka yafe mini.

Ban ce ka bar aikin kawunka ba, sana'a ce mai kyau, kuma ba ni da wadda ta fi ta da zan ba ka a nan. Abin da nake so ka yi kaɗan ne. Kafin ka hau tsani ko sau ɗaya, ka je asibiti wurin likitan ƙashi, ka nuna masa hotona, ka gaya masa na kakanka, ka kuma gaya masa gaskiyar inda kake jin ciwon da tun yaushe. Mai yiwuwa ya duba ya ce ƙashinka ba irin nawa ba ne, na innarka ka ɗauko, gajiya ce kawai. In haka ne alhamdu lillahi, ba ka yi asarar komai ba sai wuni guda. In kuma ya ce ka huta, ko ya tura ka wurin masu motsa gaɓa, ka bi, ko da yaran shago za su ce ragon Sakkwato ya zo. A wurin aiki ka ɗaga abin takawarka ya kai ka kusa da silin, ya zama aikin na gaban goshinka, ba can inda sai ka miƙe hannu ba. Ka riƙa sauke hannu kana hutawa. In ciwon ya ƙi, ka ce wa kawunka ya mayar da kai wajen masu shimfiɗa tayil, su a ƙasa suke aiki. Na san halinka, ba za ka iya buɗe baki ka gaya masa ba, don haka na riga na kira shi na gaya masa da kaina. Ka ji haushina in kana so.

Saura abu ɗaya. Ka tuna ranar da muka kai innarka makwancinta. Da aka fito da makara aka ɗaga ta sama, maza na karɓa-karɓa har maƙabarta, ni ina baya ban sa hannu ba. Da aka zo sakawa aka ce in matso in karɓe ta, na girgiza kai, kai da Malam Garba kuka karɓa. Mutane suka ce baƙin ciki ne ya kashe mini jiki, har ana ba ni haƙuri. Baƙin ciki kam akwai shi. Amma gaskiyar ita ce tsoro na ji kada hannun ya saki in yar da ita a gaban jama'a. Matar da ta shekara talatin tana ɗauke da ni, ta sa mini riga, ta ɗora mini hula, na kasa ɗaukarta daga ƙofar gida zuwa bayan gari. Saboda buhun albasa da shewar 'yan lodi. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba, kuma babu ranar da ba ya zo mini.

Ni ma ranata na tafe, Allah kaɗai Ya san ko kusa ko nesa. Ba na roƙon ka aiko mini da komai daga Kaduna. Abin da nake so, ranar da aka fito da ni, kada ka tsaya a baya mutane na ba ka haƙuri. Ina so ka shiga gaba ka kama makarar ka ɗaga ta da hannunka na dama.

Allah Ya kiyaye ka a kan tsani da ƙasansa, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin mutane, Ya sa albarka a sana'arka, Ya jiƙan innarka da mai sunanka. Ka riƙe sallah a kan lokacinta. Ka gai da kawunka da iyalinsa. Ƙanwarka na gaishe ka, Malam Garba ma ya ce in gaishe ka. In ka je asibitin ka kira ni ka gaya mini abin da likita ya ce, yadda ya faɗe shi, ba yadda za ka so in ji ba.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
daga Wurno.